Odisi: Tafiyar 'Yan Kwanaki Da Ta Ci Shekara 10

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar motoci ta Kwatano, ko ya tsaya bakin titi a Lome ko Kumasi, ya san motar nan ta Honda mai kwashe iyali gaba ɗaya, wadda aka rubuta Odyssey a bayanta. Tun 1994 kamfanin yake ƙera ta. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi masu sauraren rediyon Faransanci su kuma sukan ji an ce "odyssée" idan ana ba da labarin matasan da suka keta Sahara suka hau kwalekwale zuwa Turai. Larabawa suna cewa Al'udisa. Mu a nan bari mu kira ta Odisi, don harshe ya huta.

In ka buɗe ƙamus za a ce maka doguwar tafiya ce mai faɗi-tashi, wadda abubuwa iri-iri suke samun mutum a cikinta, yau daɗi gobe wuya. Haka ne. Amma kafin ta zama kalma, sunan mutum ce, kuma in ka bi sawun mutumin nan zango-zango za ka tarar da wani abu da ƙamus bai faɗa ba, abin da ya shafe mu mu da muke neman abinci nesa da inda aka binne cibiyarmu.

Mai sunan

Odisi sunan wata doguwar waƙa ce ta Girkawa, wadda ake jingina wa wani mawaƙi mai suna Homa, kimanin shekara 2,700 da suka wuce. Layukanta sun haura 12,000, an kasa ta babi 24. Da ka aka fara rera ta a fadoji da wuraren taro kafin a rubuta, kamar yadda makaɗan fada suke riƙe tarihin sarakuna a kai. Ma'anar sunan ita ce labarin Odisiyos. Shi kuwa Odisiyos sarkin wani ɗan tsibiri ne mai suna Itaka, a yammacin ƙasar Girka. Rumawa suna kiransa Ulis. A cikin waƙar kakansa na wajen uwa ne ya raɗa masa sunan, ya ɗauko shi daga wata kalma mai nufin fushi da ƙiyayya. Ka ga tun ranar suna wahala ta san da zamansa.

Girkawan wancan zamani masu bautar alloli barkatai ne, saboda haka labarin cike yake da dodanni da matsafa da abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba. A karanta shi kamar yadda ake karanta Dare Dubu Da Ɗaya. Abin lura a ciki shi ne halin ɗan Adam, kuma wuraren da aka ambata da yawansu suna nan har gobe.

Inda tafiyar ta fara

Sarakunan Girka sun haɗa runduna suka tafi yaƙi da birnin Tiroya. Odisiyos ya bi su da jirage 12, ya bar matarsa Fenilofi da jariri a hannu. Shekara 10 aka yi ana kewaye da birnin bai faɗi ba, sai da shi Odisiyos ya kawo dabarar dokin katako da aka ɓoye mayaƙa a cikinsa.

Tiroya tana cikin Turkiyya ta yau, a kan wani tudu da ake kira Hisarlik, kimanin kilomita 30 daga garin Canakkale, kusa da bakin mashigin ruwan Dardanel. Wata shekara da na je sarin tufafi Santambul, kayana suka yi jinkirin ɗauri, sai na hau bas na je na gani da idona. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantar wurin. Wanda ya saba da ganuwar Kano zai ce wannan ai unguwa guda ce. Sai dai birni ne kan birni, hawa 9, kowane zamani ya yi gini a kan kufan wanda ya gabace shi. Wani Bajamushe ɗan kasuwa, Heinrich Schliemann, shi ya yi suna wajen tonon wurin a shekarun 1870, kuma garin gaggawar neman dukiya ya yanka wani ƙaton rami ta tsakiyar tudun, ya lalata abubuwa da dama. Ramin yana nan ana nuna wa baƙi. A 1998 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya.

In ka tsaya a kan ganuwar, gonaki ne shimfiɗe a gabanka, teku kuwa can nesa kake hango ta, domin laka da kogi ya yi ta kawowa shekara da shekaru ta cike gaɓar da jirage suke tsayawa a da. Iska kuwa ba ta hutawa, sai ka riƙe hularka. Wannan iskar ce jiragen wancan lokaci suka dogara da ita, jiragen katako masu tafiya da iska da tuƙin hannu.

Daga nan zuwa Itaka ta ruwa, in an zagaya kudancin Girka, kimanin kilomita 1,000 ne, wato kamar Kano zuwa Legas. A cikin waƙar ma wasu abokan yaƙinsa, irin su tsoho Nesto, sun isa gida cikin 'yan kwanaki. Shi ya yi shekara 10. To ina shekarun suka tafi?

Zango-zango

Mu buɗe taswira mu bi shi. Da barinsu Tiroya suka kai hari wani gari a gaɓar arewa, suka kwashi ganima. Ya ce a tashi, mutanensa suka zauna ci da sha, har masu garin suka tara gudunmawa suka kashe musu mutum 6 daga kowane jirgi. Da suka zo ƙuryar kudancin Girka, wurin da ake kira Maleya, inda za su karya kwana su miƙe gida, iska ta kwashe su kwana 9 tana kora su cikin Bahar Rum.

Suka sauka ƙasar wasu mutane masu cin 'ya'yan wani itace. Ba wanda ya zare musu takobi. Abinci kawai aka ba su, wanda ya ci kuwa sai ya manta gida, ya ce shi a bar shi nan. Tun zamanin da marubutan Girka suke cewa wurin nan tsibirin Jarba ne, a Tunisiya ta yau, kuma masana da yawa suna ganin itacen ɗan uwan magarya da kurna ne. Da ƙarfi ya ja mutanensa zuwa jirgi suna kuka, ya ɗaure su.

Daga nan sai kogon ƙaton nan mai ido ɗaya a goshi, mai cin mutane. Wanda ya san labarin Sindibad zai ga kama. Odisiyos ya ce masa sunansa Ba-kowa, ya bugar da shi, ya tsiyaye masa ido. Da ƙaton ya yi kururuwa 'yan uwansa suka zo suna tambaya wa ya taɓa shi, ya ce Ba-kowa, sai suka koma barcinsu. Dabara ta yi. Amma da jirgi ya ɗan yi nisa, sai alfahari ya motsa, ya ɗaga murya ya faɗi sunansa na gaskiya da na ubansa da na garinsu. Da sunan aka yi masa baki. Baki shi ke yanka wuya.

Zangon da ya fi ba ni tausayi shi ne na sarkin iskoki. Ya karɓe su wata guda, da za su tafi ya ɗaure duk munanan iskoki cikin jakar fatar sa, ya bar musu mai kyau guda. Kwana 9 Odisiyos yana riƙe da tuƙi bai runtsa ba. Ran na 10 suka hango Itaka, har suna ganin masu hura wuta a gaɓa. Nan barci ya sace shi. Mutanensa suka ce ai jakar nan zinariya ce da azurfa maigida yake ɓoyewa, mu za mu koma hannu rabbana. Suka kwance ta. Iska ta mayar da su inda suka fito. Duk wanda ya taɓa haɗa jari da wani ya san wannan jakar. Shi bai gaya musu abin da ke ciki ba, su kuma ba su tambaya ba, zato ya cinye tafiyar kowa.

A zango na gaba wasu ƙattai suka farfasa jirage 11 da duwatsu. Saura guda. Da shi suka isa tsibirin wata matsafiya da Girkawan yau suke kira Kirki, ko da yake farkon haɗuwarsu ba kirkin da ta yi, aladu ta mai da mutanensa. Bayan an sasanta ta dawo da su mutane, aka shiga ci da sha. Shekara guda cur. A wannan karon mutanensa ne suka zo suka tuna masa cewa akwai gida.

Sauran hanyar ta bi ta gaban wasu halittu masu zaƙin murya da suke jan matuƙa zuwa halaka, inda ya toshe kunnuwan mutanensa da kakin zuma, shi kuma aka ɗaure shi a turken tsakiyar jirgi. Sannan wani matsattsen mashigi, gefe guda dodanniya mai kai 6, ɗaya gefen ruwa mai juyawa yana haɗiye jirgi, gaba kura baya sayaki. An daɗe ana cewa mashigin Mesina ne, tsakanin Sisiliya da Italiya, inda faɗin ruwan a wuri mafi ƙunci bai fi kilomita 3 da 'yan kai ba. Ya zaɓi asarar mutum 6 a kan asarar jirgi duka. Daga ƙarshe yunwa ta sa mutanensa suka yanka shanun da aka hana su taɓawa, tsawa ta faɗa wa jirgin, kowa ya nutse sai shi kaɗai.

Lissafin shekaru

Ruwa ya jefa shi tsibirin wata mai suna Kalibso. Mutanen Malta har yau suna nuna wani kogo a tsibirinsu na Gozo suna cewa nata ne. Ta ba shi ci da sha da sutura da makwanci, ta ce in ya zauna ba zai tsufa ba, ba zai mutu ba. Shekara 7 ya yi a wurinta. Da rana yakan zauna bakin teku yana kallon ruwa yana hawaye, da dare ya koma ɗaki.

Yanzu mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Shekara 1 wajen Kirki, 7 wajen Kalibso, 8 ke nan cikin 10. Dodanni da guguwa da duk abin da ake zanawa a bangon littafin ba su ci fiye da shekara 2 ba. Sauran a zaune aka yi su, cikin inuwa, ciki a ƙoshe. Wannan shi ne abin da ƙamus bai faɗa ba. Kuma ban san ɗan zangon da zai ji lissafin nan bai yi shiru ba. Nawa ne cikinmu suka fito da niyyar rani ɗaya? Wahalar iyaka da kwastan da ɓarayin hanya duk mun san maganinsu. Abin da ke cin shekaru shi ne "bari in ƙara tara kaɗan", "bari bayan Salla", "bari bashin nan ya fito".

Waɗanda aka bari

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fiye da rabin waƙar a gida ake yin ta. Babi 4 na farko labarin ɗansa ne Telimakos, saurayin da ya girma bai san fuskar ubansa ba, har ya hau jirgi ya tafi Filos da Isbarta yana tambayar dattawa ko sun ji ɗuriyarsa. A babi na 13 Odisiyos ya taka Itaka, sauran babobin duk a kan yadda zai shiga gidansa ne.

Fenilofi kuwa manema 108 ne suka tare mata a gida, suna yanka dabbobin mijinta, suna cewa ya mutu ta fid da gwani. Ta ce su dakata ta gama saƙa likkafanin surukinta. Da rana ta saƙa, da dare ta warware, shekara 3 tana haka kafin wata baiwa ta tona mata asiri. Ubansa Layartis ya bar gari ya koma gona yana kwana cikin tsumma. Uwarsa kuwa ba ta jira ba. A tsakiyar tafiyar, inda waƙar ta kai shi duniyar matattu, a can ya gan ta, bai ma san ta rasu ba. Ya tambaye ta ciwon da ya kashe ta, ta nuna masa ba wani ciwo sai kewarsa.

Girkawa suna da kalma ta musamman ga komowa gida, nostos. Ita ce ƙashin bayan waƙar. A 1688 wani ɗalibin likitanci a birnin Basel, Johannes Hofer, ya haɗa ta da kalmarsu ta ciwo, ya ƙirƙiri nostaljiya, don ya ba da suna ga rashin lafiyar da take kama mutanen Suwizalan, musamman sojojin haya, idan sun daɗe a ƙasar wasu. Wato kewar gida sai da likitoci suka lissafa ta cikin cututtuka.

Yadda aka gane shi

Mutanen wani tsibiri, wanda ake cewa Korfu ne, su suka tsince shi tsirara a gaɓa, suka tufatar da shi, suka ji labarinsa, suka kai shi gida yana barci. Sun haɗa masa kyautar da ta fi ganimar da ya rasa. Amma a kogo ya ɓoye ta, ya shiga gidansa da kamannin tsohon maroƙi. Tsohon karensa Argos, kwance a kan juji, shi ya gane shi ba tare da an gaya masa ba, ya kaɗa wutsiya, ya mutu. Tsohuwar da ta raine shi ta gane shi wajen wanke masa ƙafa, da ta taɓa tabon da aladen daji ya yi masa yana yaro.

Matarsa ba ta yarda da wuri ba, ko bayan ya tanƙwara bakan da ya gagari manema. Sai ta ce a fito masa da gadonsu waje. Ya fusata, ya ce wa ya iya ɗaga gadon nan, alhali da hannunsa ya sassaƙa shi, ƙafarsa guda kututturen zaitun ne mai saiwa a ƙasa. Wannan sirri daga shi sai ita sai baiwa guda. Nan ta rungume shi. Ubansa ma ya nemi shaida, sai ya lissafa masa itatuwan da ya ba shi yana yaro a gonar, har da na tuffa 10 da na ɓaure 40. Duba da kyau, cikin duk waɗannan ba wanda ya gane shi da kayan da ya kawo. Masu cewa kunya ta hana su komawa don ba abin da za su riƙa, su yi tunani a kan wannan.

Kada kuma a ɗauka komowar ta yi kyau duka. Ya kashe maneman gaba ɗaya, aka rataye bayi mata 12, kuma cikin mutanen da ya fita da su shekara 20 baya ko ɗaya bai dawo da shi ba. Dangin waɗanda aka kashe sun ɗauki makamai, da kyar aka yi sulhu.

Itaka a yau

Tsibirin yana nan, Girkawa suna kiransa Itaki. Girmansa bai kai murabba'in kilomita 100 ba, mutanensa kusan 3,000. Tsaunuka biyu ne da wata siririyar ƙasa ta haɗa. Babban garin, Bati, yana can cikin wata ƙurya da teku ta shigo, gidaje sun kewaye ruwan. Ana zuwa ne da jirgin ruwa, mafi kusa daga tsibirin Kefaloniya. Duwatsu ne da zaitun da awaki. Waƙar kanta ba ta yi masa kwalliya ba, domin da aka yi wa Telimakos kyautar dawaki a Isbarta cewa ya yi a bar su, garinsu ba filin sukuwa, ƙasar awaki ce. Masana suna gardama ko wannan ne ainihin tsibirin da Homa yake nufi, amma a wani kogo da ke arewacinsa an tono wani gutsuren yumɓu mai ɗauke da sunan Odisiyos a shekarun 1930, alamar mutanen wurin sun daɗe suna girmama shi. Wannan dutsen awakin ne mutum ya fifita a kan rayuwa marar mutuwa.

Abin sha'awa, mutanen Itaka su ma 'yan ci-rani ne irinmu. Ƙasar ba ta ciyar da su, sai suka zama matuƙa da fatake. A ƙarni na 19 da yawa sun tafi Romaniya suna safarar hatsi a kogin Danub, wasu Afirka ta Kudu, wasu Ostiraliya. A birnin Malbon sun kafa ƙungiyar taimakon juna tun 1916, kamar dai yadda muke yi a zango. Girgizar ƙasar watan Agusta 1953 ta rushe yawancin gidajen tsibirin, wasu ƙarin suka tafi. Da bazara jikokinsu sukan zo ganin gidan kaka, wasunsu Girkancin ma da kyar.

Yaushe tafiya take zama Odisi

Turawa sun ci gaba da raɗa wa abubuwa sunan. A watan Afrilu 1970 sashen da 'yan sama jannati uku suke zaune a kumbon Apollo 13 sunansa Odyssey. Tankin iska ya fashe a hanyar wata, ba su sauka ba, suka zagayo da kyar suka dawo da rai. Sunan ya dace da su, domin abin da aka tuna da su shi ne dawowar.

Mu muna da tafiya, da balaguro, da fatauci, da ci-rani, da ƙaura, da yawon duniya. Kowace da inda ta dosa. Odisi ta ɗan taɓa kowace, amma sharaɗinta uku ne a ganina: hanya ta ƙi miƙewa, akwai inda ake son komawa, akwai kuma mai jira. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Cadi da Sudan, suna tsayawa noma da ƙwadago a hanya, wasu suka dawo bayan shekaru da furfura, wasu suka zauna a Sudan har jikoki, sun san wannan tafiya ko da ba su san sunanta na Girka ba.

Ba ina cewa kowa ya ɗaure kaya ya koma ba ne. Yaron da aka haifa a Kumasi ko Yawunde ko Abeche, nan ce Itakarsa, kuma neman halal ba laifi ba ne. Amma wanda ya san yana da tsohuwa a gida, ko mata, ko ɗan da yake jin muryarsa ta waya kawai, ya zauna yau ya yi lissafin da muka yi wa Odisiyos: cikin shekarun nan nawa hanya ta ci, nawa zama ya ci. Shi ba shi da waya, ba shi da mota, teku ce tsakaninsa da su. Mu kuɗin mota ne da 'yan kwanakin rufe shago. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Fenilofi ta jira shekara 20, kare ma ya jira, amma uwar ba ta kai ba. Allah Ya sada kowa da nasa cikin alheri.